Karen Bakin Ƙofata

Aziziyya, Madina

Zuwa ga 'yata Tasallah,

Bayan sallama, yaya kike, yaya maigidanki Haidar da jikokina? Ni lafiya lau, sai ciwon ƙafa.

Alfarma nake nema, kada ki yi dariya. Akwai karen da ke kwanciya a bakin ƙofata, ina ba shi ragowar shinkafa. Shekaranjiya ma'aikatan hukuma suka kama shi. Na bi sawu har inda ake tsare karnuka, mai gadi ya ce, "Ya Hajji, in ba mai karɓarsa kafin Juma'a, allurar mutuwa ce."

Mai gidan haya ya hana ni ajiye shi, amma karen gadin gona halal ne. Ki roƙi Haidar ya kira ƙaninsa Mu'azzam da ke aiki a gonar dabino a Khaibar, ya zo ya karɓe shi.

Ban gaya miki ba, da azumi na faɗi a tsakar gida, na kasa tashi. Haushinsa ne ya kawo maƙwabta. Yanzu da ba ya nan, a buɗe nake barin ƙofa, ko wani zai leƙo.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Rilwanu