'Yar Littafi a Bayan Kanta

Litinin, 12 ga Mayu

Yau Manaja ya shigo mini ɗakin magani da wata 'yar sakandare. Wai makarantarsu ce ta rarraba su wuraren aiki, za ta yi mako guda tana bina tana kallo, ko aikin zai kwanta mata a rai idan ta gama karatu. To, madalla. Shekara ashirin da biyu ina bayan kantar asibitin nan, ba a taɓa kawo mini 'yar kallo ba sai a watan da ake raɗe-raɗin rage ma'aikata. Ruwa ba ya tsami banza. Ga ta da littafi, ko tari na yi sai ta rubuta.

Talata, 13 ga Mayu

Tun fil azal, wanda bai iya karatu ba nakan zana masa a jikin ledar magani: rabin rana na safe, cikakkiyar rana na tsakar rana, jinjirin wata na dare. Watan jiya Manaja ya hana, ya ce takardar da inji ya buga kaɗai za a manna, wadda ta ƙara da biro ta jira takardar gargaɗi. Ni dai ban daina ba, a ɓoye nake yi.

Yau Baba mai hawan jini ya zo. Ƙwaya iri biyu, duk farare, ɗaya sau ɗaya da safe, ɗaya sau uku. Har na ɗauki biro, sai na ji idon 'Yar Littafi a ƙeyata. Na ajiye. Na yi masa bayani da baki har sau biyu, da ƙarfi don ita ma ta ji.

Ya juya ledar gaba da baya, ya ce, "'Yata, yau babu rana?"

Na ce inji ya rubuta komai. Raina bai so ba, amma ina da 'ya'ya.

Laraba, 14 ga Mayu

Mai shara ta ce ta ga yarinyar da Manaja suna magana a baranda. Biri ya yi kama da mutum.

Alhamis, 15 ga Mayu

Innalillahi. Ɗan Baba ya kawo shi da goshi a fashe, jiri ya kayar da shi a ƙofar banɗaki. Ƙwayar safen ya yi ta sha sau uku a rana, kwana biyu. Likita ya ce an auna arziki, ya ba shi gado.

Na je dubiya. Da ma zagina ya yi. A'a, haƙuri yake ba ni, wai tsufa ne, kansa ba ya riƙe magana. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Da na koma, wata tsohuwa na jira a taga. Na zana mata ranarta da watanta ɓaro-ɓaro, na juyo na ce wa yarinyar, "Rubuta. Ki kai masa."

"In kai wa wa, Anti?"

Ta buɗe mini littafin. Tambayoyin malamarsu ne: ƙarfe nawa ake farawa, me ake karanta kafin a samu aikin, me ya fi wuya. Maganar baranda kuma, wai tambayarta Manaja ya yi ko tana jin daɗin wurin. Ko gaskiya ne, oho. Bakin yaran yanzu.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ashe rahotonta sai na sa hannu, Manaja ya sa, sannan ya koma makaranta. Ta miƙo mini tana sunkuyar da kai. A ƙarƙashin "me kika koya" ta rubuta labarin Baba kaf, da zanen, da dokar, har da cewa na ajiye biro ne saboda tana kallona, don haka tana ganin da laifinta a ciki. Laifinta! Yarinya 'yar shekara goma sha shida.

Ta ce in shafin zai ja mini matsala ta yage shi yanzu ta sake wani. Na daɗe ina kallonsa. Layin laifinta kaɗai na soke, na sa hannu, na ce ta kai ofis kafin in canja shawara.

Asabar, 17 ga Mayu

Maigida ya ce da hannuna na haƙa wa kaina rami. Wataƙila. Sai Litinin Manaja zai karanta.

An sallami Baba.

Malamarsu ta kira don godiya, wai yarinyar ta ce aikin magani za ta karanta. Ita ta sani. Na ce dai in suna da wata ɗalibar a zango mai zuwa su turo, don kawai kujerar nan ta baya ba kowa a kai. Ta ce sunan wa za ta rubuta. Na ce ta rubuta nawa da fensir tukuna.