Kore da Ruwan Ƙasa

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna?

Kin yi ƙorafi na daina rubutu. Wallahi ba raini ba ne, zama ne ya gagare ni. Wata guda ke nan muna jan waya a wani bene mai hawa shida, kaina cikin silin, ƙura har cikin kunne. Shekaranjiya Oga ya kafe sunayen mutum huɗu da za a tura kwas na haɗa faiba, wato wayar nan mai zaren gilashi, kuma sunana ne na biyu. Shekara uku ina jiran wannan takarda.

Amma Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Ba na bambance kore da ruwan ƙasa. Cikin kowace wayar da muke ja yanzu akwai ƙananan zare takwas, kuma da launi ake jera su. Abokin aikina Dogo kaɗai ya sani. Ni ke ja, ni ke huda bango, shi ke jerawa. To an mayar da Dogo wani reshe, an haɗa ni da wani dattijo da muke ce wa Kawu, hannunsa har rawa yake yi. Faiba kuwa launi goma sha biyu ne.

Ki sa ni a addu'a, kuma maganar ta tsaya tsakaninmu.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙonki. Kin ce in dogara ga Allah in dinga ƙura ido sosai. Na ƙura har hawaye ya zo, ba abin da ya canza.

Abin da nake gudu ya faru. A hawa na huɗu Kawu ya gaji, na ce ya huta, na haɗa soket talatin da kaina. Na kai kowane zare bakin taga na juya shi cikin haske, na cinka. Da aka sa na'urar gwaji, sha tara suka ƙi. Masu ofis sun riga sun shigo da teburansu, matar da ke shugabantarsu ta wanke Oga tas a gabanmu.

A takardar aiki Kawu ne mai haɗawa. Oga bai ko dube ni ba, ya ce dama tsufa ya kama Kawu, ƙarshen wata ya ajiye kayan aiki. Kawu ya san wanda ya yi. Ya kalle ni sau ɗaya, ya sunkuya yana naɗe ragowar waya. 'Ya'yansa biyar.

Tun ranar in na zauna in tashi, in na tashi in rasa inda za ni. Saura kwana tara a tafi kwas. In na yi shiru, na tafi.

Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gaishe da Inna, ki ce mata ina nan lafiya.

Na faɗa. Na sami Oga a sito yana ƙirga tsani, na zayyana masa komai tun daga Dogo. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya fere guntun waya, ya zaro zare ɗaya ya miƙo mini. Na ce ruwan ƙasa. Ashe kore ne. Ya ciro biro ya nufi allon sanarwa, ya soke sunana.

Kawu yana nan a bakin aikinsa. Yanzu shi ke jerawa, ni ke ja. Bai yi mini godiya ba, ni ma ban nema ba, sai dai kullum yana raba abincinsa biyu. Na je asibiti, likita ya ce haka aka haife ni, babu magani. Oga ya ce akwai ɓangaren gwajin layi, inda na'ura ke magana da lambobi, amma sai na yi shekara ina karatu na ci jarrabawa. Na sayi littafin. Shafi huɗu na karanta, na kasa zama.

Ba zan ɓoye miki ba, abin yana ci mini rai. Jiya mota ta zo ɗaukar 'yan kwas. Wanda aka sa a gurbina ni na koya masa riƙe abin huda bango. Na taya shi ɗora jakarsa, na yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya, ni na rufe musu ƙofar motar. Daga nan na saɓa tsani na hau hawa na biyar.

Naki har kullum,
Auta