Goro Bakwai a Faifai

Laraba da dare, Djougou

Barci ya ƙi zuwa. Littafin asibitin Yaya Habsu yana buɗe a gabana, kwana tara a jere ina rubuta lamba biyu.

Tun da aka sa ta a gwajin sabon maganin nan a Parakou, wanda ake fatan zai rage zafin da ruwan maganin ciwon daji ke bar mata, ni aka ɗora wa rubutun, tunda ni na yi lakol, wato makarantar boko. Kullum in tambaye ta ƙarfin ciwon, daga ɗaya zuwa goma. Kullum ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ni kuma in sa biyu.

Yau na leƙa ɗakinta na tarar tana cizon bakin zane, zufa ta jiƙa ta. Na ce, "Yaya, da takardar nan likita zai gane ko maganin na yi miki aiki. Ashe ƙarya nake rubuta masa?"

Ta ce, "Kai Idi, da bakina zan kai ƙarar Ubangijina wurin likita?"

Shekara arba'in ina ƙaninta, yaya aka yi ban gane ba?

Da zan fita ta jawo faifan goronta, ta ware wasu, ta turo min ba tare da ta dube ni ba. Na ƙirga sau biyu. Bakwai.

Na rubuta bakwai. Na ɗauki biro zan gyara na baya, na ajiye, don ban san ko nawa zan sa ba. Jibi a Parakou zan faɗa wa likita cewa lambobin kwana taran nan nawa ne, ba nata ba.