Filin da ke ƙasan allo

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Na iso Damagaram daga Takieta da gwangwanin fenti biyu da burushi uku. Aikin da aka kira ni: wani allon siminti mai sunayen sojojin da suka rasu a fagen daga, rana ta cinye rubutun, in sabunta shi. Ni Idirisu da na saba da rubuta "Ana sayar da ƙanƙara a nan".

Suna ashirin da shida ne. A ƙasa an bar fili. Ba wanda ya sa ni, na auna da hannu: zai ci suna huɗu.

Yau kwana goma sha ɗaya wayar ƙanena Faruk a kashe. Tun da aka kai rundunarsu wajen Diffa bai taɓa yin mako bai kira ba.

Talata, 8 ga Oktoba
Baba Bukar, tsohon soja mai muƙamin ajidan da ke kula da wurin, ya ce ba zan taɓa allonsa ba sai na ga gari. Ya goya ni a babur: tsohuwar ganuwar Birni, kaburburan Faransawa, sannan har Tirmini. Can ana ta girbin gero. Ya nuna da sanda, wai nan kakanninmu suka tari bindigogin Nasara. "Faɗa mini sunan mutum goma cikinsu." Na kasa. Shi ma ya kasa. "To ka ga amfanin burushinka."

Na ce haka ne, Baba. Gaskiya hankalina na kan waya, ko akwai rezo, wato sabis. Akwai, cike ma.

Laraba, 9 ga Oktoba
Inna ta kira: "Ka ji daga autana?" Na ce matsalar rezo ce. Ta ce to.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na shafe tsohon rubutun, na fara sabo. Nan dai ba mai karantawa sai ni, bari in faɗa: na ƙara wa haruffan girma, na buɗa tsakanin layi da layi. In na kai suna na ƙarshe allon ya cika, ba wurin wani. Na san shirme ne, mutuwa ba ta neman izinin mai fenti. Amma tsoro nake ji, kuma hannuna ya ƙi tsukewa.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Baba Bukar ya tsaya a bayana. "Malam Idirisu, daga can garin Zermu za a riƙa karantawa ne?" Na ce don tsofaffi masu raunin ido. Ya dube ni, ya wuce.

Asabar, 12 ga Oktoba
An kawo takarda daga bariki, sunaye biyu sababbi. Na kasa buɗewa, sai Baba Bukar ya karanta mini. Kyari Mai Nasara. Kassim Abari.

Alhamdu lillahi ta fito daga bakina da ƙarfi, a gabansa. Kunya kamar in nutse.

Ba fili. Na matsa su a gindin allo, ƙanana, sai an sunkuya.

Litinin, 14 ga Oktoba
Wata dattijuwa ta zo, Maryama, mahaifiyar Kassim. Ba ta iya karatu ba, ta ce in nuna mata. Sai da ta durƙusa. Ta bi sunan da yatsa sau biyu, ta dubi na sama, ta sake duban nasa.

"Ɗana, me ya sa nasa ya fi na kowa ƙanƙanta? Ko don bai daɗe a aikin ba?"

Na ce kuskurena ne, Inna. Ta ce ba komai, Allah ya yi albarka. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 16 ga Oktoba
Kwana biyu ina kankarewa. Fenti ne bai zauna ba, haka na ce wa Baba Bukar, ya riƙe mini tsani. Yanzu suna ashirin da takwas, kowa girmansa ɗaya. Na Kassim na maimaita masa shafi biyu.

Wayar Faruk kwana ashirin. Na kira Inna, na ce ba rezo ba ne, ban sani ba ne. Ta ce ai ta sani.

Akwai fili a ƙasa. Ban auna ba.