Ƙotar Bindigar Kakana da Kuka Ba Wani

Zuwa ga Alhaji mai warshar gyaran tsofaffin bindigogi na masu tara kayan tarihi, a unguwar Sultana, Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalinku da masu aiki a ƙarƙashinku. Sunana Ruƙayya, ina aji biyu na babbar sakandare. Ba ku san ni ba, amma kun san kawuna Bashir, ƙanen mahaifiyata, wanda ya kawo muku bindigar mahaifinsa kafin azumin da ya wuce. Sau biyu ina zuwa har bakin warsharku, in ga maza a ciki suna shan shayi, in juya. Shi ya sa na rubuta. Na yi da Hausa domin Kawu ya ce ko da yake da Larabci kuke ciniki, da Hausa kuka tambaye shi mutanen gida. Na kuma bar wasiƙar a buɗe domin akwai wani mutum da nake so ta isa gare shi, ban kuwa san sunansa ba.

Abin da ya kawo ni shi ne: tun ranar da bindigar ta dawo daga hannunku, kakata Hajiya Iya ba ta amsa sallamar Kawu ba. Ta ce ya sayar da bindigar mijinta ya kawo mata wata. Ta kuma faɗa a gaban mahaifiyata cewa in ta rasu kada a bar shi ya kama makararta zuwa maƙabartar Baƙi'a. Tsohuwa ce, idonta ya tafi, ba ta kuma saba janye magana ba.

Na farko, bari in gaya muku labarin bindigar, don wataƙila ba a gaya muku ba. Kakana Malam Tukur gadi ya yi a wata gonar dabino a bayan gari, da ita yake korar karnukan daji da dila. Irin wadda take ɗura wa kanta harsashi ce bayan kowane harbi, kuma da takardar izininsa. Da ya rasu aka kai ta inda hukuma ta ce, aka toshe bututun, ta zama abin ratayewa a bango. Lokacin da muka tashi daga tsohon gidanmu na Anbariyya ta faɗi daga motar kaya, ƙotar katakon ta tsage. Kawu, wanda bai daɗe da fara sha'awar tsofaffin kaya ba, ya ce zai kai a gyara domin ya faranta wa mahaifiyarsa. Niyyarsa ke nan, ni shaida ce.

Na biyu, aikinku ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ƙarfen ya yi fes, sabon katakon yana sheƙi, ya zauna daram babu motsi. Kawu ya shigo da ita a naɗe cikin bargo yana murmushi, ya ɗora wa Iya a cinya. Ta shafa daga baki zuwa tsakiya. Da hannunta ya kai gindin sai ta tsaya, ta sake shafawa, ta ture ta. Cewa ta yi, "Bashir, ni makauniya ce, ba mahaukaciya ba. Ina ta Malam?" Tsohuwar ƙotar gajera ce, kuma a inda take haɗuwa da ƙarfen akwai jar fata da aka cusa aka ɗinke. Iya ce ta yanka fatar da hannunta daga tsohuwar jakar da uwarta ta taho da ita daga Katsina, Malam kuma ya ɗinka. Wannan take nema da yatsunta, ba ta samu ba.

Na uku, Kawu ya koma wurinku neman tsohuwar ƙotar. Ya ce kun karɓe shi da mutunci, kuka bayyana masa cewa waccan ƙotar tun asali ba ta wannan bindiga ba ce. Wai bindigogin sunansu ɗaya, amma an ƙera su a masana'antu biyu a zamani daban, ramin noti na ɗaya bai zo daidai da na ɗayar ba, shi ya sa aka samu giɓin da Malam ya cike da fata. Kun sa mata wadda ta dace da ita. Ita kuwa tsohuwar, da kuka cire fatar kuka ga hatimin da ke ciki, sai ta zama ta irin ƙirar farko wadda ba a cika samu ba, kuma akwai wani mai tara kaya da ya daɗe yana nemanta, ko da tsagaggiya ce. Kuka ba shi. Kun ce haka al'adar sana'ar take: abin da aka cire yana zama a warsha, a yi musaya da shi tsakanin masu nema, sai in mai kaya ya ce a ajiye masa. Kun kuma ce ba kwa faɗin sunan abokin ciniki.

A nan ne ƙorafina yake, Alhaji, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da ni. Kawu bai san wannan al'ada ba, ba a kuma tambaye shi ba. Kun ga ya iya sunayen sassan bindiga sai kuka ɗauka ɗan gida ne a sana'ar, alhali a waya ya koye su. Mutumin da ya kawo kayan uban da ya rasu, ina ganin ya cancanci a tambaye shi kafin a raba su. Wanda ya ga ɗinkin hannu a jikin katako ya san wani ne ya zauna ya yi shi.

Na huɗu, akwai abubuwan da nake son sani, kuma ba don gardama nake tambaya ba. Tun da wannan abu ya faru nake ta karanta yadda masu tara kayan tarihi suke gane sassan da suka dace da juna, har ƙawayena suna yi mini dariya, wai me ya haɗa yarinya da bindiga. Na karanta cewa ana duba lambobi da ƙananan hatimai a jikin ƙarfe da cikin katako, in sun zo ɗaya a ce kayan na asali ne. To, ku da ido kuke fara ganewa ko sai kun auna? In hatimin ya goge fa? Me ya sa masana'anta za ta sauya wurin rami ɗaya ta bar sunan bindiga yadda yake, ba ta tunanin mutanen da za su zo neman gyara daga baya? Kuma ta yaya ƙotar da ba a cika samu ba ta faɗo hannun mai gadin gona a Madina? Iya ta ce ta farkon ta karye ne a kan duwatsun bayan gari, Malam ya tafi kasuwa ya dawo da wannan, iyakar abin da ta sani ke nan. Ku da kuka san tsofaffin 'yan kasuwar, wataƙila kuna da labarin inda irin waɗannan kaya suke fitowa a wancan zamani.

Tambayar da ta fi damuna ita ce wannan. Bindigar ta yi 'yan shekaru da ƙotarta ta masana'anta, ta yi sauran rayuwar Malam da wadda ba tata ba. Kafaɗarsa ta biyun ta sani, guminsa ne ya baƙanta ta. A wurinku wace ce ta asali? Na tambayi malamarmu ta tarihi, ta ce a gidajen adana kayan tarihi ma ana saɓani a kan haka, wasu suna mayar da abu yadda aka ƙera shi, wasu suna barinsa yadda aka yi amfani da shi. Ina so in ji abin da ku kuke gani, tun da hannunku ne yake taɓawa.

Na biyar, na gwada fahimtar da Iya da kaina. Na ɗora yatsanta a kan lambar da ke jikin ƙarfen, na karanta mata, na ce ita ce a takardar izinin Malam. Ta ce ita ba ta auri lamba ba.

Saboda haka ga roƙona.

Ba na neman ku faɗi sunan kowa. Ina roƙon ku isar da wannan wasiƙa ga mutumin da ya karɓi ƙotar. In yana karantawa, Baba, ina gaishe ka, na kuma san ba ka yi laifin komai ba, abin da ka daɗe kana nema ka samu. In za ka iya mayar mana, Kawu ya ce zai bar maka duk abin da ka zaɓa cikin 'yan kayan da ya tara. In ba za ka iya rabuwa da ita ba, ka ara mana ita na yini ɗaya, Iya ta riƙe ta a gefen ƙarfen, ta ji cewa daga jikin wannan ƙarfen aka cire ta.

Ku kuma Alhaji, ina roƙon ku duba inda kuke zuba tarkace, ko jar fatar nan tana nan. Ba ta kai tafin hannu ba. Sannan in ba zai yi muku nauyi ba, ku zo da kanku ku gaya mata da Hausa cewa ku kuka cire, ba ɗanta ne ya sayar ba. Maganar dattijo za ta ji ta fiye da tawa. Daga yau kuma, don Allah, duk wanda ya kawo muku kayan gado, ku tambaye shi kafin wani sashe ya bar warshar.

In za a zo, a zo ranar Juma'a bayan la'asar. A lokacin ne Kawu yake zuwa ya zauna a kan matakala da ledar 'ya'yan itacen da ba a karɓa, har a kira magariba ya tafi. Ina so ya kasance yana kusa in ta miƙa hannu.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙara muku lafiyar ido da ta hannu, ya jiƙan iyayenku, ya sa 'ya'yanku su rabu da ku kuna masu yarda da su.

Wassalam.

'Yarku,
Ruƙayya, jikar Malam Tukur