Kore, Rawaya, Ja

Litinin, 3 ga Fabrairu
Takarda ta zo daga ofishin ilimi na gunduma. Bara kashi hamsin da biyu cikin ɗari na 'yan aji shida suka ci jarrabawar ƙarshe. Bana in ba a kai sittin ba, za a cire Hedimasta, mu malamai kuma a watsa mu makarantu daban-daban. Shi da kansa ya karanta mana. Ni tunanin Inna kawai nake. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, duk hutun tara nake rugawa gida in juya ta, tafiyar minti biyar ce. In aka jefa ni nesa, wa zai yi?

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Hedimasta ya raba mana biro uku-uku. Wai mu sa ɗigo a gefen sunan kowane yaro a rajista. Kore ga wanda zai ci ko ba mu. Ja ga wanda ba zai ci ba ko mun kwana a kansa. Rawaya ga wanda saura ƙiris. A kan 'yan rawaya za mu zuba duk ƙarfinmu, su ne za su ɗaga lambar. Na ce masa yara ba kayan gwanjo ba ne da za a ware. Bai yi fushi ba, ya tambaye ni jikin Inna kawai. Wannan mutum ya san inda ake taɓa ni.

Juma'a, 7 ga Fabrairu
Na sa ɗigon. Kore goma sha tara, rawaya goma sha huɗu, ja goma sha biyu.

Litinin, 17 ga Fabrairu
Na dawo da 'yan rawaya gaba, ja suka koma baya wajen taga. Na ce saboda tsayi ne. Lauya ta ɗaga hannu, ita da ba ta barin magana ta wuce ba tambaya, shi ya sa 'yan ajin suka laƙaba mata sunan. Ta ce to ai ita ce mafi gajarta a ajin. Aka kwashe da dariya, har ni. Yarinyar baki kamar reza, amma in ta buɗe littafi sai kalmomin su tsaya mata a wuya. Na daɗe da biro a hannu kafin in sa mata ja. Da wata shida zan samu da ita, da ta karanta. Wata uku gare ni.

Laraba, 5 ga Maris
Sun gano. Wa ya leƙa rajistar, oho. A filin wasa na ji suna tsokanar juna, “Kai ɗan ja ne, me ka sani.” Malamin lissafi ya ce in daina damun kaina, wai wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Shi komai karin magana.

Juma'a, 21 ga Maris
Darasin ƙari bayan tashi, 'yan rawaya kawai. Ina cikin rubutu a allo na hango Lauya a waje, ta dafa taga, leɓenta na motsi tana bin mu. Na yi kamar ban gani ba. Kunya ta hana ni cin abincin rana.

Talata, 8 ga Afrilu
Sati biyu ke nan Lauya ba ta ɗaga hannu ba. Yau na lura. Ajin ya yi shiru, aiki na sauri, kuma Allah ya yafe mini, na ji daɗin saurin.

Talata, 13 ga Mayu
Jarrabawa. Inna ta ce na juya ta da ƙarfi.

Alhamis, 3 ga Yuli
Kashi sittin da ɗaya, in aka haɗa duk azuzuwan aji shida. Hedimasta ya rungume takardar kamar jariri. Mutumin gunduma ya zo da kansa, ya ce za a kai tsarinmu sauran makarantu su koya. Goma sha ɗaya cikin 'yan rawayana sun haye. 'Yan ja ko ɗaya. Ba wanda ya tambaya, takardar ma ba ta da gurbin wannan tambayar. Ina nan kusa da Inna. Abin da na roƙa ke nan, na samu.

Litinin, 15 ga Satumba
Sabon aji. Ina jera kujeru sai ga Lauya a bakin ƙofa, riƙe da hannun ƙanwarta wadda ta shigo aji shida bana. Ita ta bar karatu, tana shagon ɗinkin gwaggonta. Ta gaishe ni da ladabi, ba ko tambaya ɗaya. Har ta juya sai ta dawo, ta rage murya.

“Malama, don Allah kar ki sa mata ja. Ita tana da ƙoƙari, ba irina ba ce.”

Ta tafi.

Laraba, 17 ga Satumba
Hedimasta ya aiko sau biyu a kai masa rajista da ɗigo. Na ce jan biron ya bushe. Bai bushe ba sosai. Na zaunar da yaran yadda suka shigo, ƙanwar tana layi na biyu. Na bi ta gaban shagon ɗinkin da yamma, hanya ce kawai ta bi da ni, littafin koyon karatu irin wanda Lauya ke buƙata kuma dama yana cikin jakata. Gobe in Hedimasta ya sake aikowa ban san me zan ce ba. Inna na kira.