Allurar Da Aka Yi Wa Baƙo

Kalgo, 4 ga Agusta, 2024

Baba Malam Attahiru,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi maka ta'aziyyar matarka, Inna Azumi. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri kai da 'ya'ya, su Yusra. Na kira wayarka ba ka ɗaga ba, shi ya sa na ba direban motar Gwandu wannan takarda.

Ina Kalgo gidan yayata Dibora tun ranar da kwamitin asibiti ya dakatar da ni. Rashin zuwana zaman makoki ba raini ba ne, kallon mutane ne na kasa ɗauka. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya a asibitin unguwarku, kuma ba Juma'ar da Inna ba ta aiko mini da tuwo ba.

Kai ne shugaban kwamiti, amma ba ka ji zancen daga bakina ba. Mutumin sunansa Zubair, daga Dosso ta Nijar, ya zo ganin ƙanwarsa da ke aure a Kambaza. Kububuwa ta sare shi a gona. Da hantsi aka kawo shi kan babur, ƙafa ta kumbura har gwiwa, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Na san dokarmu: mutanen gari ke haɗa kuɗin allurar dafi bayan girbi, don haka ɗan gari kyauta ne, baƙon wata ƙasa kuwa sai ya biya kafin a buɗe firij, a samu na sayo madadi. Na gaya masa haka. Ya zazzage aljihu, bai kai ko'ina ba. Sai ya ce to in ba shi ruwa, in aika a kira masa ƙanwarsa su yi sallama. Baba, kwalba biyu suka rage, na yi masa duka.

Kwana tara bayan nan aka shigo da Inna, ita ma maciji ya sare ta, na buɗe firij babu komai.

Naka mai biyayya,
Iliya

Gwandu, 9 ga Agusta

Iliya,

Na amsa gaisuwa, na gode da ta'aziyya.

Ka ce in ji daga bakinka, na ji. Yanzu kai ma ka ji abin da ba ka gani ba. Motar da ta ɗauke mu ta yi ta ratsa ruwa a hanya, Azumi na jingine da ni, zanenta ya jiƙe da jini. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko an kwance awaki, daga nan ba ta sake magana ba. Muna hango Birnin Kebbi rai ya yi halinsa.

Dokar nan ni na rubuta ta da hannuna, kuma ba mugunta ce ta sa ba. Akwai tsofaffin mata a Dalijan da ke sayar da tiyar gero don sunansu ya shiga. Azumi da kanta take kai namu. Baƙonka yana da ƙasarsa da hukumarsa, mu ba mu da kowa sai wannan firij. Kyauta ka yi da abin da ba naka ba.

Na san ajali ne, ina kuma faɗa wa masu gaisuwa haka. Amma ka amsa mini abu guda. Da ka san Azumi na tafe, za ka yi masa?

Wassalam,
Attahiru

Kalgo, 15 ga Agusta

Baba Malam,

Ina gaisuwa, da fatan ƙarin haƙuri.

Kwana uku takardarka na aljihuna. In na ce da na sani ba zan yi ba, to na ce in zauna in kalli mutum yana tsiyaye jini a kan bencina alhali magani na bayana. In na ce zan yi, ba ni da fuskar da zan dube ka. A ranar, Inna lafiyarta lau tana gida, shi kuwa yana gabana. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na yarda ba nawa ba ne. Shi ya sa washegari na rubuta takardar neman a sayo wasu, na kawo maka har zaure. Kullum ina duba hanya ko kaya sun iso. Ban san inda ta tsaya ba, wataƙila asusun ne babu komai.

Dibora ta nemo mini aiki a wani kemis kusa da tasha. Jiya wata mata ta kawo ɗanta allura, na kasa yi masa har mai shagon ya karɓa. Dibora ta ce in tafi gida Zuru in huta. Ban ga abin da hutu zai gyara ba.

Ka gaishe mini da Yusra, in za ta amsa.

Iliya

Gwandu, 2 ga Satumba

Ɗana Iliya,

Sallama da fatan kana lafiya, kai da Dibora.

Shekaranjiya bayan la'asar baƙonka ya zo, yana ɗingishi, janye da rago. Saniyarsa ya sayar ya kawo kuɗin allurar. Ya tarar da asibiti a rufe, aka nuno masa gidana. Bai san komai ba. Na shimfiɗa masa tabarma, na sa aka kawo fura. Ya yi ta sa maka albarka, ya ce 'ya'yansa biyar kullum suna yi wa likitan Gwandu addu'a. Na yi niyyar ya tafi da farin cikinsa, sai ƙanena Sahabi ya ce masa, "Allurar matar mai gidan nan ce aka yi maka. Ita tana maƙabarta."

Mutumin ya ajiye ludayi. Sannan ya roƙi a nuna masa kabarin. Ni na kai shi. A can ya ce da an tambaye shi, da ya haƙura. Ban sani ba ko gaskiya ne, shi ma ina jin bai sani ba.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba. Takardarka ta neman a sayo allurar ba ta tsaya ko'ina ba, tana aljihun rigata. Umaru ma'aji ya ce mini akwai abin da zai isa kwalba ɗaya, a aika Sakkwato gobe. Na ce a bari sai taron ƙarshen wata, don ka ɗanɗana zaman asibiti babu magani, ka san karya doka ba wasa ba ce. Kwana takwas tana jikina, har a cikin motar nan.

An yi taro jiya. Kwamiti ya ƙara tsananta dokar, yanzu ko ƙarin ruwa ba za a yi wa baƙo ba sai ya biya. Kowa na dubana yana cewa saboda Azumi ne. Na ɗaga hannu tare da su.

An sayo kwalba biyu da kuɗin Zubair, amma ba mai yin allurar, ga damina ta yi ƙarfi. Na shawo kansu sun janye dakatarwar. Ka dawo, don Allah.

Babanka,
Attahiru

Kalgo, 7 ga Satumba

Baba,

Na gaishe ka. Na karanta takardarka, na ƙone ta, ba wanda zai ji daga bakina. Ban riƙe ka da komai ba.

Amma ku nemi wani. In na dawo, wata rana za a sake kawo baƙo kan babur, ba ko sisi a aljihunsa. Dā ina tsoron zan sake buɗe masa firij. Yanzu na bincika zuciyata, na san ba zan buɗe ba.

Allah ya jiƙan Inna. Ka huta lafiya.

Iliya